Iyakar Kashe Kuɗin Gwamnati A Lokacin Tsadar Mai Da Lantarki: Darasi Daga Kudancin Jihar Kaduna

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, ranar da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana cewa an janye tallafin man fetur, abubuwa biyu suke tafiya tare a baitulmalin gwamnatocin ƙasar nan. Kuɗin da ake rabawa duk wata tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ya ƙaru ƙwarai da gaske. A ɗaya ɓangaren kuma, abin da waɗannan gwamnatoci suke biya kafin su tayar da mota, ko su kunna injin asibiti, ko su tura ruwan famfo cikin gari, ya ninka sau da yawa. Wanda ya dubi shigar kuɗin kaɗai zai ce gwamnatoci sun yi arziki. Amma wanda yake bin gwamnati kuɗin kwangila a Kafanchan, ko yake jiran a gyara hanyar da zai fito da cittarsa zuwa Samaru Kataf, ya san da sauran magana.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa 'yan kasuwa da 'yan kwangila da masu ƙananan masana'antu yadda doka ta ƙayyade kashe kuɗin gwamnati, da yadda tsadar makamashi take cin kasafin kuɗi ta ciki, da kuma alamomin da mutum zai duba ya gane ko gwamnatin da yake hulɗa da ita za ta iya biyan abin da ta yi alkawari. Za mu ɗauki misalanmu daga Jihar Kaduna, musamman yankin Kafanchan da Zangon Kataf.

Kasafin Kuɗi Da Iyakokinsa

Kasafin kuɗi ƙiyasi ne na abin da gwamnati take sa ran samu a cikin shekara, da abin da take niyyar kashewa. Kalmar ƙiyasi ita ce ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe da kyau, domin adadin da gwamna ya karanta a gaban majalisa ba kuɗi ne da ke ajiye a banki ba. Kashewar ta kasu gida biyu. Akwai ayyukan yau da kullum, wato albashi da fansho da kuɗin tafiyar da ofisoshi, kamar mai da lantarki da takardu da tafiye-tafiye. Akwai kuma manyan ayyuka, wato hanyoyi da gadoji da makarantu da asibitoci da ayyukan ruwan sha. Ban da waɗannan akwai biyan bashi, wanda a kan cire mafi yawansa tun kafin kuɗin ya iso hannun jiha. Idan kashewa ta zarce samu, bambancin shi ake kira giɓin kasafi, kuma da rance ake cike shi.

Doka ta sa wa kashewar nan takunkumi iri huɗu. Na farko yana cikin Tsarin Mulkin 1999, inda sashe na 80 ya hana a fitar da ko sisi daga asusun tarayya sai da amincewar Majalisar Dokoki ta Ƙasa, sashe na 120 kuma ya ɗora wa jihohi irin wannan sharaɗi. Na biyu shi ne dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007, wadda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa wa hannu. Ita ce ta ce giɓin kasafin tarayya kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari na jimlar abin da ƙasa take samarwa a shekara, ta wajabta a yi shirin kashe kuɗi na shekara uku-uku kafin a rubuta kasafin kowace shekara, ta kuma ce ba a cin bashi sai don manyan ayyuka da gina al'umma, shi ma bisa kuɗin ruwa mai sauƙi da wa'adi mai tsawo. Na uku shi ne sashe na 38 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007, wanda a yadda aka kafa shi ya ƙayyade rancen wucin gadi da bankin zai ba Gwamnatin Tarayya a kan kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Na huɗu shi ne dokar ba da kwangila ta 2007, wadda ta hana a ba da aiki sai an tabbatar yana cikin kasafi kuma akwai kuɗin biyansa. Jihar Kaduna ta kafa nata dokokin kula da kashe kuɗi da na ba da kwangila a 2016.

Samuwar doka daban, bin ta kuma daban. Kasafin tarayya na 2021 da 2022 da 2023 duk sun zarce iyakar kashi 3 ɗin nan. Rancen Babban Banki kuwa ya yi ta taruwa har ya kai naira tiriliyan 22.7, adadin da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince a mayar da shi bashi mai dogon wa'adi a watan Mayu na 2023. Irin wannan rance sabon kuɗi ne ake zubawa a kasuwa ba tare da an ƙara noma ko ƙira ba, saboda haka yana daga cikin abubuwan da suka hura wutar hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Ɗan kasuwar da bai taɓa yin kwangilar gwamnati ba, shi ma ya biya nasa kason a wajen sarin kaya.

Ƙofofin Da Tsadar Makamashi Take Shiga

Kafin a janye tallafi, ana sayar da litar fetur a gidajen man kamfanin NNPC ƙasa da naira 200. Kwanaki kaɗan bayan sanarwar ta koma naira 537 a Abuja, a watan Yuli na 2023 ta kai 617, a watan Oktoba na 2024 kuma ta kai 1,030. Farashin ya ɗan sauko a cikin 2025 bayan matatar Dangote ta shiga kasuwa, amma bai ko kusanci inda ya baro ba. Man gas, wato dizal, wanda tun tuni gwamnati ta tsame hannunta daga farashinsa, ya riga ya yi tashin gwauron zabo a 2022 sakamakon yaƙin Rasha da Yukiren. A ranar 3 ga watan Afrilu na 2024 kuma, hukumar da ke kula da harkar lantarki ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, daga kimanin naira 66 zuwa 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a rage shi kaɗan.

Wannan tsada tana shiga kasafin gwamnati ta ƙofofi uku. Ƙofa ta farko ita ce kuɗin tafiyar da ofis. A ɗauka wata ma'aikata an ware mata naira miliyan 10 na mai a shekara. Lokacin da lita take naira 195, wannan kuɗi zai sayi lita kimanin 51,000. Lokacin da lita ta kai 1,030, bai isa ya sayi lita 10,000 ba. A takarda ba a rage wa ma'aikatar ko kwabo ba, amma a aikace an yanke mata kashi huɗu cikin biyar na zirga-zirgarta. Ko dai a ninka mata kuɗin sau biyar, ko motocinta su kwanta tun kafin shekara ta yi rabi.

Ƙofa ta biyu ita ce farashin kwangila. Duk wani aikin hanya ko gini, mai ne a ɓoye. Katafila da man gas take aiki, tifar da ke kawo yashi da tsakuwa da shi take tafiya, kwalta daga ɗanyen mai ake samo ta, siminti da rodi kuma ana ƙona makamashi mai yawa wajen yin su, sannan a sake ƙona wani wajen ɗauko su daga nesa. Aikin da aka yi wa kuɗi a farkon 2023 ba zai yiwu a kammala shi da wannan kuɗin a ƙarshen 2024 ba. Daga nan sai ɗan kwangila ya nemi ƙarin farashi, idan bai samu ba ya kwashe kayan aikinsa.

Ƙofa ta uku ita ce albashi. Da kuɗin mota da na abinci suka tashi, ƙungiyoyin ƙwadago suka matsa lamba, a watan Yuli na 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000. Gwamnatin Jihar Kaduna ta amince da naira 72,000 a wannan shekarar. Albashi kuwa idan ya hau ba ya saukowa, ko da farashin mai ya faɗi gobe.

A daidai wannan lokaci kuma wata iska ta taso daga wani gefen. A watan Yuni na 2023 Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji, dalar Amurka ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma, har ta zarce 1,500 a farkon 2024. Wannan ya ƙara yawan nairar da ake rabawa daga cinikin ɗanyen mai, amma ya ninka nauyin duk wani bashi da aka ci da dala. Hukumar NEITI, mai bin diddigin kuɗin ma'adinai, ta nuna cewa abin da aka raba wa matakan gwamnati uku ya zarce naira tiriliyan 10 a 2023, ya kuma zarce tiriliyan 15 a 2024. Ƙari ne babba, sai dai bai kai yadda farashin lita ko na dala ya ninka ba.

Abin Da Tarihi Ya Nuna

Wannan ba shi ne karo na farko da ƙasar nan ta shiga irin wannan hali ba. Bayan garaɓasar man fetur ta shekarun 1970 da ƙarin albashin Udoji na 1974, gwamnatoci sun buɗe ayyuka fiye da ƙarfinsu. Da kasuwar mai ta faɗi, Shugaba Shehu Shagari ya kawo dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982, daga baya gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ɗora shirin gyaran tattalin arziki na 1986. A 1994 gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙara kuɗin lita daga naira 3.25 zuwa 11, ta kafa asusun rarar man fetur na PTF a ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, domin jama'a su ga inda ƙarin yake tafiya. A 2004 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta buɗe asusun ajiyar rarar kuɗin ɗanyen mai, wanda ya kai kimanin dala biliyan 20 a 2008, amma aka yi ta rabe shi har ya kusa ƙarewa. Da farashin ganga ya faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da 30 a farkon 2016, jihohi da yawa sun kasa biyan albashi, sai da Gwamnatin Tarayya ta kai musu ɗauki a 2015.

Darasin da ke cikin waɗannan shekaru guda ne. A lokacin da kuɗi ya ƙaru ne ake ɗaukar nauyin da kan gagara ɗauka daga baya, saboda haka a lokacin ne horon kashe kuɗi yake da amfani. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Halin Da Jihar Kaduna Ta Samu Kanta

Jihar Kaduna tana daga cikin jihohin da suka yi gyare-gyare masu yawa a harkar kuɗi. A 2015 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta rufe asusun ma'aikatu 470 da ke warwatse a bankuna, ta tattara kuɗin a asusu guda, inda ta bayyana cewa ta gano naira biliyan 24 da ɗoriya. A 2016 ta haɗe dokokin haraji a kundi ɗaya, ta hana karɓar haraji da tsabar kuɗi hannu da hannu. Kuɗin shigar jihar na cikin gida, wanda bai kai naira biliyan 15 ba a 2015, ya zarce biliyan 50 a 2020. Tare da haka jihar ta ci bashin waje mai yawa domin manyan ayyuka, ciki har da rancen dala miliyan 350 daga Bankin Duniya.

A ranar 30 ga watan Maris na 2024, a wani taron jin ra'ayin jama'a a Kaduna, Gwamna Uba Sani ya bayyana cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, da kuma kwangiloli 115 da ba a gama biya ba. Ya ƙara da cewa daga cikin naira biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a wannan wata, an cire biliyan 7 domin biyan bashi, saura biliyan 3, alhali albashin wata ya kai biliyan 5.2. Magoya bayan tsohuwar gwamnati sun kare rancen da cewa ayyukan da aka yi da shi suna nan a ƙasa, kuma muhawarar siyasar da ta biyo baya ba ita ce abin nazarinmu ba. Lissafin shi ne abin lura. Dala miliyan 587 a kan naira 460 ta kama kimanin naira biliyan 270. A kan naira 1,500 kuwa ta kama kimanin biliyan 880. Ba a ƙara cin ko dala ɗaya ba, amma nauyin ya ninka fiye da sau uku, domin jihar da naira take karɓar haraji.

A watan Agusta na wannan shekarar kuma aka ga wani misali ƙarara. Hukumar tara haraji ta jihar ta rufe ofishin kamfanin rarraba lantarki na Kaduna Electric bisa bashin haraji da ta ce ya kai naira miliyan 600, kamfanin shi kuma ya yanke wutar Gidan Gwamnati bisa kuɗin wuta da ya ce ya kai naira biliyan 2.9. Ko da wane ɓangare ne yake da gaskiya, al'amarin ya nuna cewa kuɗin wuta da ba a biya ba bashi ne kamar kowane bashi, duk da yake ba ya fitowa a jerin rancen da ake bugawa.

Kasafin jihar na 2024 ya kai naira biliyan 458, inda aka ware kusan kashi 70 cikin ɗari ga manyan ayyuka, na 2025 kuma ya kai biliyan 790. Rabo ne mai kyau a takarda. Sai dai ɗan kasuwa ya tuna da tsarin biya: bashi ake fara cirewa, sai albashi da fansho, sai kuɗin tafiyar da ofis, abin da ya rage shi ne na manyan ayyuka. Duk lokacin da kuɗin shiga ya gaza abin da aka ƙiyasta, ko mai ya cinye fiye da abin da aka ware masa, na ƙarshen layi shi ne yake kwana da yunwa.

Daga Kaduna Zuwa Samaru Kataf

Samaru Kataf yana cikin Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, wadda hedikwatarta take Zonkwa, kuma mahaɗa ce ta hanyoyin da suka nufi Zonkwa da garin Zangon Kataf da Kafanchan. A nan ne sashen koyar da aikin gona na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli yake, da ofishin shiyya na hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar. A Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna, a Gidan Waya kuma akwai Kwalejin Horon Malamai. Waɗannan cibiyoyi da albashin ma'aikatansu da sayayyarsu su ne babban ɓangare na cinikin masu shaguna da gidajen haya da gidajen mai da masu sayar da abinci a yankin. Idan albashi ya yi jinkirin mako biyu, kasuwa takan ji a jikinta kafin kowa.

A watan Agusta na 2023 gwamnatin jihar ta rage kuɗin makaranta a manyan makarantunta domin sauƙaƙa wa iyaye raɗaɗin janye tallafi: kashi 30 cikin ɗari a jami'ar jihar, kashi 50 a Kwalejin Nuhu Bamalli da ta Gidan Waya. Iyaye sun ji daɗi, kuma sun cancanci hakan. Amma ta fuskar kasafi, duk makarantar da aka rage wa kuɗin shiga a lokacin da man injinta ya ƙara tsada, dole ne baitulmali ya cike mata gurbin. Kowane sauƙi da gwamnati ta yi yana da wurin da ake biyansa, kuma kasafi mai tsari shi ne wanda ya nuna wannan wurin a fili.

Aikin gona ma haka yake. A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, manoma suka yi asarar da hukumomi suka ƙiyasta da biliyoyin naira. A irin wannan lokaci ne ake buƙatar malaman gona su shiga ƙauyuka. Malamin gona kuwa, a ko'ina yake, idan an biya shi albashi amma ba a ba shi man babur ba, an kashe kuɗi ke nan ba a samu aiki ba. Wannan shi ne haɗarin yanke kuɗin tafiyar da ofis a makance: a kan bar babban kashewa, a yanke ƙaramin da ke sa babban ya yi amfani.

Ƙananan hukumomi suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi 26.72, Gwamnatin Tarayya 52.68. A ranar 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Hukuncin ya ƙara wa shugabannin ƙananan hukumomi nauyi, domin albashin malaman firamare da ma'aikatan ƙananan asibitoci yana cinye kaso mai tsoka na abin da suke samu. Abin da ya rage ne za a gyara hanyoyin karkara da kwalbatoci da rumfunan kasuwa da shi. Hanyar karkarar da ta lalace kuwa tana ƙara wa direba mai da gyara, shi kuma ya ɗora a kan kowane buhun citta ko masara, manomi ya biya ta hanyar ragin farashi a bakin gona.

Mene Ne Tsuke Bakin Aljihu Na Gaskiya?

A watan Janairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta rage yawan 'yan rakiyar manyan jami'ai da kashi 60 cikin ɗari, daga watan Afrilu kuma ta dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa ƙasashen waje da kuɗin gwamnati na tsawon wata uku. Matakai ne masu kyau domin suna nuna misali, amma abin da suke ragewa kaɗan ne idan aka auna da girman giɓin. Horon kashe kuɗi mai ɗorewa yana tsayawa ne a kan abubuwa biyar.

Na ɗaya, a ƙiyasta kuɗin shiga bisa abin da aka samu a zahiri a shekarun baya. Kasafin da aka kumbura domin a faranta wa kowace mazaɓa rai, shi ne uban ayyukan da aka yi watsi da su. Na biyu, a riƙa ƙiyasta makamashi da lita da yunit, sannan a mayar da shi naira, a kuma ware wani abu na ko-ta-kwana saboda tashin farashi. Na uku, a kammala ayyukan da aka fara, a biya tsofaffin basussukan 'yan kwangila, kafin a aza harsashin sababbi. Na huɗu, a fifita manyan ayyukan da ke rage kashewar yau da kullum, kamar sa wa asibitoci da rijiyoyin burtsatse da makarantun kwana lantarki mai aiki da hasken rana, da sa wa kowane ginin gwamnati mita. Katsewar wutar da ta shafi mafi yawan jihohin Arewa na kwanaki a ƙarshen watan Oktoba na 2024 ta nuna abin da dogaro da janareta yake jawowa. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara tasu kasuwar wuta. Na biyar, kada a ci bashin dala sai don aikin da zai iya biyan kansa ko da naira ta sake faɗuwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma daidai ruwa daidai tsaki.

Abin Da Ɗan Kasuwa Zai Duba

Tun bayan wani shirin Bankin Duniya da aka fara a 2018 domin ƙarfafa gaskiya a harkar kuɗin jihohi, jihohi sun saba buga kasafinsu da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku a intanet. A Jihar Kaduna, Hukumar Tsare-Tsare da Kasafin Kuɗi ce take fitar da su. Wanda zai nemi aikin gwamnati, ko zai ba ta kaya bashi, ya kamata ya nemi waɗannan takardu, ko ya sa akawunsa ya duba masa abubuwa uku: nawa aka samu idan aka kwatanta da abin da aka ƙiyasta, nawa biyan bashi da albashi suka cinye daga ciki, kuma kashi nawa na kuɗin manyan ayyuka aka saki a zahiri a ma'aikatar da zai yi hulɗa da ita. Ma'aikatar da aka saki mata kashi 20 cikin ɗari zuwa watan Satumba, ba a sa ran ta biya sabon aiki kafin Kirsimeti.

Bayan haka ya tabbatar aikin yana da layinsa a kasafin shekarar, kada ya dogara da alkawarin baki. Ya nemi a rubuta sharaɗin sauya farashi a cikin yarjejeniya idan man gas ko siminti suka tashi fiye da wani adadi da aka amince da shi, da sharaɗin kuɗin ruwa idan biya ya yi jinkiri. A dokar tarayya, biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar shaidar aiki ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya makara. Ya kuma yi lissafin rancen banki da kyau. A watan Nuwamba na 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Wanda ya ranci naira miliyan 20 a kan kashi 30 cikin ɗari domin aikin da ribarsa miliyan 4 ce, idan biya ya yi jinkirin wata takwas, kuɗin ruwa ya cinye ribar gaba ɗaya. A 2025 'yan kwangila na cikin gida sun yi zanga-zanga a Abuja saboda kuɗin ayyukan kasafin 2024 da ba a biya su ba, kuma da yawansu da kuɗin banki suka yi aikin.

Wanda ba ya yin kwangila ma yana da ruwa da tsaki. Mai injin niƙa a Zonkwa, da dillalin citta a Kafanchan, da mai shagon kayan gini a Samaru Kataf, duk suna biyan haraji, kuma dukkansu suna biyan kuɗin muguwar hanya da rashin wuta. Gwamnatin jihar takan kira taron jin ra'ayin jama'a kafin ta miƙa kasafi ga majalisa, ƙananan hukumomi kuma suna da kansilolin da doka ta ɗora wa amincewa da kasafinsu. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi da na manoma za su fi samun biyan buƙata idan suka je waɗannan wurare da jerin ayyuka biyu ko uku da suka fi muhimmanci, tare da tambayar nawa aka saki wa kowannensu a bara, maimakon doguwar takardar koke-koke.

Kammalawa

Farashin mai yana hannun kasuwar duniya da darajar naira, kuma babu gwamna ko shugaban ƙaramar hukuma da zai iya tsayar da shi. Abin da yake hannunsu shi ne yawan alkawarin da za su ɗauka, da tsarin da za su bi wajen biya, da kuma ko za su ajiye wani abu daga ƙarin da suke samu. Abin da yake hannun ɗan kasuwa kuma shi ne ya karanta alƙaluma kafin ya sa hannu, ya raba cinikinsa yadda gwamnati ba za ta zama abokin ciniki guda da zai iya durƙusar da shi ba, ya kuma riƙa ajiye lissafin man da yake ƙonawa kamar yadda yake son gwamnati ta ajiye nata.